Balarabe Ya Tashi, Bi Gidan Waya

Adireshin da Hajiya Zuliha ta ba 'yarta Sumaya ranar da za ta tashi zuwa Madina ko layi ɗaya bai cika ba, kuma ba a rubuce yake ba. Da baki ta faɗa mata a filin jirgin Kano, hannu ɗaya yana riƙe da nata, ɗayan yana tura mata wata baƙar leda ɗaure tamau.

"Shagon Balarabe, jikin gidan waya, wajen Ƙiblatain. Kowa ya san shi. Ki ce masa saƙon Sabuwa ne daga Zulai."

Sumaya ta ce to. Irin to ɗin nan da ake ce wa uwa a filin jirgi, wadda ba ta da nauyi a baki. Ita dai a labari kawai ta san Sabuwa: yayar mahaifiyarta ce, ta bi mijinta aikin Hajji tun kafin a haifi Sumaya, suka zauna ba su dawo ba. A da can kaset 'yan'uwan biyu suke aika wa juna. Wani Alhaji ɗan garinsu Ringim, mai fataucin dabino da sallaya, shi yake karɓar na Zuliha ya ajiye a shagon Balarabe, in zai dawo ya ɗauko na Sabuwa. A yi tambaya bana, a ji amsa baɗi. Sai Allah ya yi wa Alhajin rasuwa, ba a jima ba mahaifin Sumaya ya bi shi, aka sayar da gidan Ringim, Zuliha ta kwashi 'ya'yanta ta koma Kano. Daga nan zumuncin ya yanke. Babu faɗa, babu fushi, hanya ce kawai ta toshe ta kowane ɓangare.

Sumaya masaniyar haɗa magunguna ce, wani asibiti ya ɗauke ta aiki. Mijinta Abdulƙarim, injiniya, ya riga ta zuwa, ya kama musu gida a unguwar Al-Azizya. Da suka kwance ledar Hajiya sai ga daddawa da kuka da turmin atamfa. Atamfar ta shiga akwati, sauran suka shige can ƙuryar firiza, bayan kaji.

Kada a zalunce ta, ta ɗan nema. Ta rubuta sunan shagon a taswirar waya, wayar ta nuna mata wani wurin gyaran mota a Jidda. Ta yi tambaya a taron sunan wata likita 'yar Zariya, inda ma'aikata 'yan Najeriya suke haɗuwa su ci shinkafa su yi kukan tsadar makarantar yara. Aka yi ta kallon juna, wata ta ce ai tsofaffin zaman nan duniyarsu daban, ba a cika haɗuwa da su ba. A nan neman ya tsaya. Aiki ya danne ta, ga hidimar 'yarsu Mimi. Gidan waya kuwa, wa yake zuwa gidan waya yanzu? Ita kanta in ta yi sayayya ta waya, wasu akwatunan ƙarfe ne jere a bangon wani kantin kayan masarufi a bayan layinsu, irin wanda ake ce wa baƙala a nan. Ta je ta danna lamba, ƙofa ta buɗe, ta ɗauki kayanta ta juya, ko sallama ba ta yi wa kowa.

Watanni suka shuɗe. Duk sanda Abdulƙarim ya buɗe firiza sai ya ce, "Maman Mimi, baƙuwar nan taki fa ta kusa cancantar iƙama, a nema mata takardar zama kawai." Ita kuma ta harare shi, ta ce ai ana kan nema. Haka take gaya wa Hajiya ma: ana kan nema.

Hajiya Zuliha ba ta cika son kira ba. Tunda aka koya mata danna alamar nan ta ɗaukar murya, sai ta mayar da waya rikoda. Ta gyara zama, ta yi bismilla, ta faɗi sunanta kamar ba a san ta ba, ta gaishe da kowa har maƙwabtan da ba ta taɓa gani ba, sannan ta shigo zance. Sumaya takan saurara tana wani aikin. Amma saƙon da ya shigo wata ranar Alhamis, tana hutun azahar a asibiti, ajiye cokali ya sa ta yi.

"Sumaya, na san kina da aiki, ba takura miki nake ba. Abu ɗaya ne ya dame ni. Duk shekarun nan in na idar da salla, addu'ar masu rai nake yi wa Yaya: Allah ya ba ta lafiya, Allah ya rufa mata asiri. To jiya sai na ji bakina ya ce Allah ya ji ƙanta. Ban yi niyya ba, shi ya fito. Na rasa ko shaiɗan ne, ko zuciyata ce ta san abin da ban sani ba. Ki binciko mini, 'yar nan. Ko wanne ne zan iya ɗauka. In dai san wace addu'ar zan yi mata."

Kunya ta rufe Sumaya, tsoro ya biyo baya. Ranar Asabar da safe ta kai Mimi gidan maƙwabta, ta zaro ledar daga bayan kaji, ta cusa atamfar a ciki, ta tsaya a kan Abdulƙarim da makullin mota. Ya dube ta, ya ga ba ranar zolaya ba ce, ya tashi.

Wajen Masallacin Ƙiblatain cike yake da manyan motocin masu ziyara, ana sauke wasu ana kwashe wasu. Shagunan da ke kewaye duk dabino ne da carbi da turare. Sumaya ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tambaya da Larabcinta na asibiti. Gidan waya? Ba a nan ba. Balarabe? Wani matashi ya yi dariya ya ce ai duk garin Larabawa ne, wanne take nema? Ta fito ta tsaya a wata kusurwa a bayan layin shagunan, rana ta fara zafi, ledar ta fara naso a hannunta. Ta dubi gabas, ta dubi yamma, ta sake juyawa. Daga cikin mota Abdulƙarim yana yi mata alama da hannu a hankali, irin ta a haƙura.

"Balarabe ya tashi! Bi gidan waya!"

Saura kaɗan ledar ta faɗi. Hausa ce, babu shakka, ko da yake an ɗan murɗe mata wuya. Ta waiga. Daga tagar wani gidan burodi, inda ake gasa tamis a tanda, wani jibgegen Bature-Bature mai jan gemu ne ya leƙo, ƙugiyar ciro burodi a hannunsa. Ɗan Afganistan ne, ka gan shi ka san ko sannu bai taɓa ji ba. Ya sake ɗaga murya, yana washe baki.

"Balarabe ya tashi! Bi gidan waya!"

Ta matsa ta gaishe shi da Hausa, ya girgiza kai yana dariya, ya koma Larabci. Ya ce iyakar Hausar da ya iya ke nan. Mahaifinsa ne ya gina tandar nan. Wancan ɗakin da ake sayar da dabino, shi ne gidan wayan unguwa a da, ɗaki ɗaya da teburi, da wani tsoho a bakin ƙofa mai rubuta wa mutane wasiƙa. Shagon Balarabe yana manne da shi. Da aka ɗauke gidan wayan aka kai wani wuri, Balarabe ya tattara ya bi shi. Amma kafin ya tafi sai da ya zauna da mahaifin mai burodin a bakin tandar nan, yana maimaita masa maganar har ta zauna.

"Babana kuma ya koya mini. Ya ce duk wanda na ga ya tsaya a kusurwar nan da ƙunshi a hannu, yana juye-juye kamar ya yar da wani abu, in faɗa masa. A da, lokacin Hajji, har muryata dushewa take yi. Yanzu sai shekara ta zagayo ban faɗa ba. Wallahi, 'yar'uwa, kin faranta mini rai, na ɗauka a bakina za ta mutu."

Ya kwatanta musu hanya: su nufi Bi'ir Ali, kafin su kai akwai wani gidan mai, a bayansa gidan wayan ya koma. Ya naɗe musu tamis mai zafi a takarda, ya ƙi karɓar komai.

A mota Abdulƙarim ya kasa yin shiru. Mutumin da ɗazu yake cewa a haƙura, yanzu shi ne yake dukan sitiyari yana maimaitawa da muryar mai burodin. Sumaya ba ta yi dariya sosai ba. Ta ji daɗi, amma abin da ta samu labarin Balarabe ne, ba na Sabuwa ba, kuma labarin ma tsoho ne.

Bayan gidan man babu gidan waya. Wani dogon shago ne na sayar da wayoyin hannu, da fitilu kala-kala da rana tsaka. Sai dai a gefen bangon, inda fenti bai rufe sosai ba, ana iya ganin sawun ƙananan akwatuna jere reras, irin waɗanda kowa yake da makullin nasa. Dab da shi shagon aski ne, kuma mace ba ta shiga wurin. Sumaya ta ce wa mijinta ya leƙa ya yi tambaya.

"Tambayar me?" in ji shi. "Ba ni ledar nan."

Injiniya guda, da farar jallabiyarsa mai guga, ya je ya tsaya a gaban shagon aski rungume da daddawa. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya juya dama, ya juya hagu, har da dafe ƙugu. Sumaya ta rufe fuska da mayafi don kunya. Can sai ga ƙofar gilashi ta buɗe, wani matashi ɗan Pakistan ya fito da almakashi a hannu, ya bar wanda yake yi wa aski da rabin kai. Ya ƙare wa Abdulƙarim kallo, ya dubi ledar, ya lumshe ido kamar ɗalibin da zai kawo hadda.

"Balarabe ya tashi. Bi gidan waya."

Abdulƙarim ya yi kabbara har mutanen gidan man suka waiwayo.

Shi mai askin bai taɓa ganin Balarabe ba. Ya ce ya karɓi shagon ne daga wani dattijo ɗan ƙasarsu da ya koma gida, kuma abin da aka bar masa kujerun aski ne da madubi da wannan magana. Dattijon ya ce in ba zai riƙe maganar ba, to ya nemi wani shagon. Tun da ya karɓa bai taɓa samun wanda zai faɗa wa ba sai yau, kullum dai yana bitarta don kada ta gudu. Ya ce gidan wayan Al-Azizya aka koma da shi, kusa da wani masallaci mai koren ƙofa. Har sun juya ya ƙara da cewa, "Amma fa wani da na yi wa aski ya ce wancan ma an rufe shi tuntuni."

Jikin Sumaya ya yi sanyi. In an rufe na ƙarshen, wa aka bar wa maganar? Wataƙila tsohon ya rasu, wataƙila ba wanda ya rage da zai tashi ya bi komai. Suka yi sallar azahar a hanya, suka ci tamis ɗin da ya huce. Tana ta shirya yadda za ta gaya wa Hajiya cewa ta bi sawu har inda ya ƙare, ba ta samu kowa ba. Wannan kuwa ya fi kowace amsa muni, don Hajiya za ta ci gaba da zama a kan sallaya ba ta san abin da za ta roƙa ba.

Da suka shigo Al-Azizya suna neman masallaci mai koren ƙofa, sai Sumaya ta ga titunan suna zama nata. Ga inda take sayen madara. Ga makarantar Mimi. Ga masallacin, wanda a ciki Abdulƙarim yake sallar magariba kullum, bai taɓa lura da launin ƙofarsa ba. Kusa da shi wurin wanki da guga ne, da tsohon ramin jefa wasiƙa a bango an toshe shi da siminti. A jikinsa kuma, manne da shi, baƙalar nan ce mai akwatunan ƙarfe.

"Abban Mimi," ta ce, muryarta can ƙasa, "nan fa nake ɗaukar kayana."

Allon da ke saman ƙofar sunan Larabci ne, babu Balarabe a ciki. Daga bakin ƙofa ba ta da bambanci da kowace baƙala: madara, biskit, ruwan gora, wani magidanci a bayan kanta yana danna waya. Sai da Sumaya ta wuce layin farko hancinta ya gaya mata gaskiya. Yaji ne, na gida, mai citta da kanumfari. A can ciki shagon ya buɗe, ga buhun gero, ga kuɓewa busasshiya, ga man shanu a kwalabe. Bangon ƙarshe cike yake da ƙusoshi, wasu da ƙunshi rataye, wasu babu. Ƙarƙashinsu wani tsoho ne ƙanƙani a kujerar roba, da hula zanna-bukar da ta ga duniya, da butar shayi a gefen ƙafarsa.

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa yana kallon ledar, ba fuskarta ba.

"Baba, saƙon Sabuwa ne daga Zulai."

Tsohon ya ɗago kai ya dube ta. Sannan ya cire hular, ya shafa kai, ya mayar.

"Zulai ta Ringim?"

"Mun daɗe da komawa Kano, Baba. Tun rasuwar mahaifinmu."

"To shi ya sa," in ji Balarabe. "Shi ya sa. Kaset ɗin Sabuwa ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, aka ce gidan wasu ne a ciki. La ilaha illallahu. Abdulfattah! Ya walad, kai yaro! Hau sama ka ce wa Ummu Ahmad ta sauko yanzu-yanzu."

Magidancin da ke bayan kanta, ɗansa ne, ya amsa da Larabci ya fita. Sumaya ba ta san wace ce Ummu Ahmad ba, ko wata ce da ta san labarin, ko wadda ta yi jinya. Sai ta yi tambayar da ta ɗauko tun daga gida.

"Baba, tana raye?"

"Raye?" Ya dube ta kamar ta zage shi. "Yajin nan da kike ta shaƙa tun shigowarki, wa kike zaton ya daka? Ita ce Ummu Ahmad ɗin. Jiya ma sai da ta yi mini faɗa a kan na sayar da man shanunta da araha."

Sumaya ta zauna daɓas a kan buhun gero, hawaye suka zubo ba ta ko share ba. Farin ciki ne, tsantsarsa, har da ɗan jin haushin kanta: matar nan tana saman bangon da take zuwa danna lamba, ita kuma tana can tana tambayar taswira.

Balarabe ya ce ta kwantar da hankalinta, saukowar Sabuwa aiki ne, gwiwoyi sun tsufa. Ya zuba musu shayi. Abdulƙarim ya ba shi labarin mai burodi da mai aski, tsohon ya karkato da kunne.

"Sun faɗa daidai?"

"Daidai, Baba. Har da tsayawa a tsakiya."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce shi fa ba son gidan waya yake ba, ko kan sarki bai taɓa saya da daɗin rai ba. Amma mutanenmu a wancan zamani ba su san sunan titi ba, ba su da lambar gida. Wanda ya sauko daga Damagaram ko Abeche ko Ringim da saƙo a hannu, abu ɗaya zai iya tambaya kowa ya nuna masa, shi ne gidan waya. To tunda an riga an gaya wa duniya Balarabe yana jikin gidan waya, ai ba shi da ikon zama a wani wuri. Kowane gida yana da ƙusarsa a bangon nan, in saƙo ya zo a rataye, mai shi ya zo ya ɗauka. Da aka koma zamanin akwatuna, akwati ɗaya ya kama wa jama'a duka, makullin yana wuyansa har wanka. Bayan nan aka kawo ɗakunan buga waya, aka yi ta layi ana ihu a ciki, su ma suka wuce. Shagunan da suka yi zamani da shi duk sun juye, mai ɗinki ya zama mai sayar da waya, mai gyaran rediyo ya koma ƙasarsu.

"Da aka rufe na nan, na ce wa Abdulfattah mu tattara. Ya ce ina? Sabon yana can bakin gari, tsakanin manyan gine-gine, ba wurin irinmu ba ne. Ƙafafuna ma suka ce ba za su ba. Wallahi na yi kuka, 'yata, na ce yau adireshina ya zama ƙarya. Ana nan sai ga wasu samari da rigunan aiki, wai suna neman bangon da za su kafa akwatunan saƙo, ko zan yarda? Na ce ku kafa, ku ƙara da wasu. Duk rayuwata ina bin gidan waya, da muka tsufa shi ya zo ya jingina da ni."

Aka ji takun sanda daga ƙofar baya. Sumaya ta miƙe. Matar da ta shigo cikin baƙar abaya, dafe da kafaɗar Abdulfattah, Hajiya ce sak in an ƙara mata shekaru aka rage mata tsawo. Hancin, goshin, har yadda take tamke baki in tana so kada ta yi kuka.

"Wace ce? Min hadi?" ta tambaya, Hausa da Larabci suna rige-rige a bakinta.

"Yakumbo, ni ce Sumaya. 'Yar Zulai."

Sabuwa ba ta rungume ta nan take ba. Ta kama fuskarta da hannu biyu, ta juya ta wajen haske, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce, "Ke ce mai kukan nan. A kaset ɗin ƙarshe ana jin ki a baya, kin hana uwarki magana." Daga nan ta ja ta jikinta, suka yi kukan tare.

Aka ba ta kujera. Ta kwance ledar, ta ajiye atamfar a cinya, ta kai daddawar hanci. Daddawar da ta sha zaman firiza har ta gaji, amma Sabuwa ta rufe ido ta ce ta Ringim ce, ba ta Kano ba, Zulai ba ta manta ba. Balarabe ya ce a tambaye ta sau nawa ta sauya gida. Ta ce ina ruwansa. Ya ce shi zai faɗa: duk inda ya koma, kafin ya gama jera kaya Sabuwa ta kama haya a bayansa. Bayan rasuwar mijinta, ɗanta Ahmad ya yi gida mai kyau, ya yi roƙon duniyar nan ta koma wurinsa, ta ƙi.

"To in koma ina?" in ji Sabuwa. "Yarinyar nan adireshi ɗaya ta sani. Gidan waya ya tashi, Balarabe ya bi shi, ni kuma na bi Balarabe. In ta aiko ba ta same ni ba fa?"

Yarinyar nan da take faɗa tana Kano da jikoki cike da gida. Sumaya ta ciro waya. Wannan karon ba saƙon murya za ta yi ba. Ta kira, tana roƙon Allah ya sa Hajiya tana kusa da wayar. Aka ɗauka.

"Hajiya, riƙe, ga mai magana."

Sabuwa ta karɓa. Tana da waya, tana kiran 'ya'yanta kullum, ta san yadda ake yi sarai. Amma ba ta kai ta kunne ba. Ta riƙe ta a gaban bakinta da hannu biyu, ta gyara zama, ta yi gyaran murya, kamar yadda ta saba duk sanda za ta yi wa wannan mutum ɗaya magana.

"Bismillahir Rahmanir Rahim. Wannan Sabuwa ce take magana daga Madina, zuwa ga ƙanwata Zulai. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan saƙo zai same ki cikin..."

"Ya same ni, Yaya."

Sabuwa ta tsaya cak, baki buɗe. Amsar da ta saba jira shekara guda, yau ta iso kafin ta sauke numfashi. Ta dubi Balarabe, ta dubi Sumaya, kamar tana neman wanda zai gaya mata abin da ake cewa bayan haka. Abdulfattah ma ya ajiye wayarsa. Daga can Kano ana jin numfashin Hajiya yana sarƙewa, kuka da dariya sun haɗe mata.

"Yaya, kina ji na? Ki yi magana mana. Ashe ban yi kuskure ba. Ta masu rai nake yi miki, duk shekarun nan ta masu rai nake yi miki."

"To ki ci gaba," in ji Sabuwa, tana share ido da gefen sabuwar atamfar. "Ki ƙara da ta gwiwa, su ne suka dame ni."